Tambayoyin Masu Karatu: Koyon Ɗaukar Hoton Gona, Dutse da Fadama

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan daga karkarar Kano da Jigawa suka fito, kuma kusan dukkansu a kan magana ɗaya suke, wato yadda mai koyo zai ɗauki hoton shimfiɗar ƙasa, ko gona ce, ko dutse, ko tafki, ko faɗuwar rana, ya fito kusa da yadda idonsa ya gani. Na zaɓi shida daga ciki, na taƙaita su, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda aka saba.

TAMBAYA: Malam, Allah ya ƙara basira. Ni matashi ne daga wani ƙauye kusa da Birnin Kudu. Nakan hau duwatsun da ke bayan garinmu in hangi gonaki da itatuwa har iyakar ganina, abin ya ƙayatar da ni, amma idan na ɗauka da wayata sai hoton ya fito fari-fari, komai ya yi nisa ya ƙanƙance. Abokaina sun ce sai na sayi babbar kyamara. Shin haka ne?

AMSA: Amin, ɗan'uwa, na gode. Kafin ka taɓa kuɗin taki ko ka kai akuya kasuwa saboda kyamara, ina so ka tuna ƙarfe nawa kake hawa dutsen. Ba ka faɗa ba, amma yadda ka siffanta hoton ya sa nake kyautata zaton tsakanin hantsi ne da azahar, bayan an taso daga gona. A wannan lokaci ko kyamarar miliyoyin naira aka ba ka, abin da za ta ba ka ba zai fi na wayar ba sai da kaɗan, domin matsalar tana ga hasken.

Ƙasarmu tana kusan digiri 12 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka da tsakar rana, rana takan hau can ƙololuwar sama, har ma sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da kuma wajen ƙarshen Agusta, takan tsaya daidai kan mutum, inuwarsa ta koma ƙarƙashin ƙafarsa. Hasken da ya sauko daga sama kai tsaye yana shafe inuwa, ita kuwa inuwa ita ce take nuna wa ido cewa wannan kunya ce, wancan kwari ne, wannan dutsen yana gaban wancan. Idan babu ita sai gona da hanya da dutse su zama kamar tabarma ɗaya. Da sassafe kuwa, ko da la'asar sakaliya, hasken yana zuwa ne daga gefe, ya bi kan kunyoyi ya haska ɓangare ɗaya ya bar ɗayan cikin inuwa, launinsa kuma ya yi ja-ja, sai ka ga dutsen da ya yi toka-toka da rana ya koma kamar an shafa masa man ja. Hausawa sun ce da sanyin safiya ake kama fara, kuma ban san sana'ar da maganar ta fi dacewa da ita kamar wannan ba.

Sai dai ka sani wannan haske ba ya daɗewa a wurinmu. Rana tana hudowa ne tsakanin ƙarfe 6 da 7 na safe duk shekara, kuma tana miƙewa sama kusan a tsaye, ta yadda cikin awa ɗaya ta riga ta yi nisa, taushin hasken ya tafi. Wanda ya bari sai ya ga rana ta fito sannan ya ɗauki waya ya nufi dutse, ya makara. Abin da ya dace shi ne ka je wurin tun jiya da rana ka zaɓi inda za ka tsaya, ka lura da inda gabas take, sannan ka fito bayan sallar asuba ka isa kafin ɓullowarta. Ka kuma lura cewa ba a wuri ɗaya take hudowa ba: a watan Yuni tana fitowa ne ta arewa da gabas, a Disamba kuma ta kudu da gabas, don haka dutsen da fuskarsa take shan hasken safe da damina zai iya kasancewa cikin inuwa da hunturu.

Maganar ƙanƙancewa kuma daban ce. Idon kyamarar waya mai faɗin gani ne, yana kwaso fili mai yawa, kuma ladan wannan faɗin shi ne duk abin da yake nesa sai ya ƙara nisa. Kai da kake tsaye a kan dutse, idonka yana yawo ne, ya sauka kan kuka, ya koma kan garken shanu, ya wuce zuwa hasumiyar masallacin ƙauyen da ke can gaba, zuciyarka ta haɗa su ta ba ka abu ɗaya mai daɗi, ga iska tana kaɗa ka, ga kukan tsuntsaye. Waya ba ta san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, abin da ke gabanta kawai take kwashewa, babba da ƙarami daidai wa daida. Aikinka shi ne ka yi mata zaɓin da idonka ya yi maka. Kafin ka danna, ka tambayi kanka hoton mene ne wannan. Idan amsar ita ce hoton ko'ina, to ka dakata. Idan ka ce hoton kukar can ce da hanyar da ta bi ta gindinta, ka sami abin yi, sai ka sauko daga dutsen ka matsa kusa da ƙafarka. Kada ka jawo hoto da yatsu biyu a kan allon waya, domin a yawancin wayoyi wannan yanke hoton kawai yake yi ya kumbura shi, shi ya sa yake fitowa dishi-dishi.

Na daɗe ina gaya wa masu koyo cewa ƙololuwar dutse wurin kallo ne, amma sau da yawa tsakiyarsa ko gindinsa ya fi kyau ga hoto. Dalili shi ne hoton fili yana buƙatar wani abu a kusa wanda ido zai fara takawa kafin ya tafi nesa: ƙaton dutse mai tsaga, ko damin gero, ko rumbu, ko reshen ɗorawa da ya sunkuyo daga sama. Daga nan sai abin da ke tsakiya, kamar gona ko tafki, sannan na can nesa. Idan ka sami waɗannan hawa uku, mai kallo zai ji zurfin wurin. Burtali, da kunyoyin gona, da bakin rafi, da hanyar amalanke, duk layuka ne da suke jan ido zuwa cikin hoto, musamman idan ka tsuguna ka sa sun faro daga kusurwar ƙasa. Ka shiga saitin kyamarar wayarka ka kunna layukan da suke raba allo gida tara. Za su taimake ka ka daidaita inda sama ta haɗu da ƙasa don kada ya karkace, kuma za su tuna maka kada ka riƙa raba hoto biyu daidai. Idan sama ce take da abin kallo, kamar ranar da hadari ya haɗo, ka ba ta kashi biyu cikin uku, idan kuwa wayam take, ka bar mata kashi ɗaya ka ba ƙasa sauran.

Ga aikin da zan ba ka, kuma ina roƙonka ka yi shi kafin ka sake maganar sayen kyamara. Ka zaɓi itaciya ɗaya da ba ta fi tafiyar minti goma daga gidanku ba, ka ɗauke ta da asuba, da hantsi, da tsakar rana, da la'asar, daga wuri ɗaya, sannan ka zagaya ta ka ɗauka rana tana bayanka, tana gefenka, tana gabanka. Ka jera hotunan ka dube su da dare. Abin da za ka gano da kanka a mako ɗaya ya fi abin da zan iya rubuta maka a shafi goma. Kuma tun da kana kusa da Dutsen Habude da Dutsen Mesa, inda mutanen da suka gabata suka bar zanen shanu a jikin dutse, idan ka je ɗaukar su kada ka taɓa zanen, kada kuma ka yarda wani ya watsa masa ruwa wai don launin ya fito, domin abin da ya goge daga wurin ba ya dawowa.

TAMBAYA: Ni malamar firamare ce a ƙaramar hukumar Kura. Ina son ɗaukar faɗuwar rana a kan gonakin shinkafa, amma ko dai sama ta yi fari fat, ko kuma gonar ta yi baƙi ƙirin. Me nake yi ba daidai ba?

AMSA: Malama, babu kuskure a hannunki, iyakar na'urar ce kika tarar. Idon mutum yana iya ganin sama mai haske da ƙasa mai duhu a lokaci guda saboda yana gyara kansa duk inda ya juya, ita kuwa kyamara awo ɗaya take yi wa hoton gaba ɗaya. Idan ta auna da gona sai sama ta ƙone, idan ta auna da sama sai gona ta nutse. Tun da dole ne a zaɓa, shawarata ita ce ki ceci sama. Ki taɓa allon a wurin da sama take da haske, za ki ga alamar rana ta bayyana a gefe, sai ki ja ta ƙasa a hankali har launin gajimare ya dawo. Wurin da ya yi duhu ana iya ɗaga shi kaɗan daga baya, amma wurin da ya ƙone ya yi fari babu abin da ya saura a cikinsa da za a dawo da shi. Yawancin wayoyin yanzu, har da Tecno da Infinix da suka fi yawa a hannun mutanenmu, suna da abin da aka rubuta HDR, wanda yake ɗaukar hotuna da yawa masu bambancin haske cikin ƙiftawar ido ya haɗe su, kuma a irin wannan yanayi yana da amfani matuƙar kin riƙe wayar ba motsi.

Ke kuma kina da abin da mai tudu ba shi da shi, wato ruwa. Lokacin da aka cika fangalai aka yi dashe, kafin shinkafa ta rufe, kowane fangali madubi ne da yake ɗauko launin sama ya kawo shi ƙasa, sai bambancin hasken ya ragu da kansa. Ki tsuguna ƙasa sosai a bakin fangalin, za ki ga sama ta cika shi. Idan kuma ƙasar ta ƙi, ki bar ta ta yi baƙin, amma ki nemi abin da siffarsa take bayyana ko da babu launi, kamar giginya, ko manomi da fartanya a kafaɗa, ki sa shi ya fito sarai a jikin sama ba tare da ya haɗe da wani abu ba.

Abu biyu ne masu koyo suke mantawa. Na farko, su juya baya. Sau da yawa abin da rana take haskawa ya fi ita kanta ranar kyau, kuma idan an yi yayyafi da la'asar, bakan gizo a ɓangaren da ke kishiyar rana yake fitowa, wato a gabas. Na biyu, launi mafi kyau yakan zo ne bayan rana ta faɗi, lokacin jan shafaƙi, wanda a ƙasarmu bai fi minti 20 da ɗoriya ba kafin duhu ya fara rinjaye. Na san wannan lokacin sallar magariba ne, kuma mace ba za ta so dare ya same ta a gona ba, shi ya sa nake ganin safiya ta fi miki sauƙi, domin irin wannan launi yana bayyana a gabas kafin hudowar rana, ga raɓa a kan ganye, iska kuma ba ta tashi ta girgiza ruwan ba. A irin wannan ƙarancin haske ki jingina wayar a kan wani abu, ki sa ta ƙirga daƙiƙa 3 kafin ta ɗauka, don kada taɓawar yatsa ta girgiza ta.

TAMBAYA: Yayana ya bar mini kyamararsa mai ido da aka rubuta 18-55 a jikinsa. Ina zaune a Haɗeja, ina so in riƙa ɗaukar fadama da tsuntsaye, amma lambobin f da ISO sun ruɗa ni, kullum a kan saitin da take yi da kanta nake barin ta. Ina neman bayani mai sauƙi.

AMSA: Ƙanena, ka taɓa kwanciya a ɗaki da rana an rufe ƙofa, ka ga haske ya shigo ta wata 'yar huda ya sauka a bango? Wannan ɗakin shi ne asalin kyamara, sunan ma daga kalmar Latin mai nufin ɗaki ya fito. Malamin nan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi bayanin yadda haske yake tafiya a miƙe ya ratsa ƙaramar huda ya zana surar abin da ke waje a kife. Duk lambobin da suka ruɗa ka amsar tambaya uku ce game da wannan ɗaki: yaya girman hudar, tsawon wane lokaci za a bar ta a buɗe, kuma yaya saurin bangon wajen kama haske.

Lambar f ita ce girman hudar, kuma a juye take, domin idan lambar ta ƙaru hudar raguwa take yi. Daga f/4 zuwa f/5.6, zuwa f/8, zuwa f/11, zuwa f/16, kowane mataki yana rage rabin hasken da ke shiga. Amfanin ƙaramar huda shi ne na kusa da na nesa duk su fito tar, abin da mai hoton fili yake so ke nan, shi ya sa f/8 da f/11 suka zama gidanmu. Kada ka wuce zuwa f/22 da zaton ƙari ne, domin idan hudar ta yi ƙanƙanta ƙwarai hoton gaba ɗaya yakan ɗan yi laushi. Lamba ta biyu ita ce ƙiftawa, wato 1/250 ko 1/60 na daƙiƙa. Ƙiftawa mai sauri tana tsayar da motsi, mai jinkiri tana tara haske amma tana kwasar rawar hannu. Da wannan idon naka, wato gilashin gaban kyamara, wanda 18 ne ɓangarensa mai faɗin gani, 55 kuma mai jawo nesa, idan a hannu kake riƙe da kyamara, kada ka sauka ƙasa da 1/60 a ɓangaren 18, ko 1/100 a ɓangaren 55. ISO kuwa ƙara ƙarfin abin da aka kama ne, daga 100 zuwa 200 ninki biyu, daga 200 zuwa 400 wani ninkin, sai dai duk lokacin da ka ɗaga shi sosai hoton yana yin tsakuwa-tsakuwa kamar an yayyafa masa yashi.

Ba sai ka riƙe duka ukun a rana ɗaya ba. Ka juya maɓallin sama zuwa A, ko Av idan Canon ce, ka sa f/8, ka sa ISO 100, ka bar kyamara ta zaɓi ƙiftawa, kai kuma ka riƙa duba lambar da ta zaɓa. Idan ta sauka ƙasa da abin da hannu zai iya, ka ɗaga ISO zuwa 400, ko mafi kyau ka ɗora kyamarar a kan abin da ba ya motsi. Ƙafa uku da ake sayarwa don haka tana da amfani, hikimarta ɗaya ce da ta duwatsun murhu, amma kafin ka same ta, 'yar jakar tsumma da aka cika da gero ko yashi, a ɗora ta a kan kututture ko sirdin babur, tana yin aikin. Game da inda za ka saita ido, wato wurin da zai fi fitowa tar a hoton, idan kana kan 18 da f/8 ka saita a kan abin da yake kimanin mita 3 daga gare ka, za ka ga komai daga kusan mita ɗaya da rabi har iyakar gani ya fito sarai.

Tsuntsaye kuwa, gara in gaya maka gaskiya tun yanzu, wannan ido ba zai kawo maka tsuntsu guda ya cika hoto ba, masu yin haka suna amfani da ido mai tsawon milimita 300 ko 400 ne ko fiye, naka kuwa a 55 ya tsaya. Amma kada wannan ya karya maka gwiwa, domin kana zaune ne a bakin dausayin Haɗeja da Nguru, kuma Baturiya da ke ƙaramar hukumar Kiri Kasamma tana cikin wuraren da aka sa a jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a 2008. Da hunturu tsuntsaye masu ƙaura suna saukowa can daga Turai. Ka ɗauke su a matsayin garke cikin fili, layin farare a kan baƙin ruwa, ko tashinsu gaba ɗaya a bayan kwalekwalen masunci, da goruba ko ciyawar kacala a gaba. Irin wannan hoto yana nuna wurin da tsuntsun yake rayuwa, kuma ni a wurina ya fi hoton kan tsuntsu kaɗai faɗin labari. Don tsayar da fikafikai kana buƙatar 1/1000, saboda haka a nan ka buɗe huda ka ɗaga ISO ba tare da damuwa ba. Kada kuma ka sa yara su yi jifa don tsuntsaye su tashi, waɗannan halittu sun ƙetare hamada ne kafin su iso, hutawa suke yi.

TAMBAYA: Daga Maigatari nake rubutowa. Da hunturu hazo yana rufe ko'ina, hotuna su fito fari. Shin sai in ajiye ɗauka har damina? Kuma yaya zan kare kyamara daga ƙura?

AMSA: Malam, kada ka ajiye. Ƙurar da iskar arewa maso gabas take ɗaukowa daga Sahara, wadda kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi yake tasowa, tana hana ganin nesa daga wajen Nuwamba zuwa Maris, amma tana ba da abin da damina ba ta bayarwa. Tana tausasa rana har ta zama kamar farin faifai a sama, tana kuma jera abubuwa hawa-hawa, itaciyar kusa ta yi duhu, ta bayanta ta ɗan dusashe, ta can baya ta zama kamar inuwa. Abin da hazo yake so shi ne ka daina neman nesa, ka sa abu mai duhu da siffa bayyananniya a kusa, kamar raƙumi a kan jigawa, ko ayarin shanu da ake korawa kasuwarku ta ranar Alhamis, ƙura tana tashi a ƙafafunsu rana tana bayansu. Irin waɗannan hotuna sukan fi kyau idan aka mai da su baƙi da fari. Kyamara kuma takan ruɗe da farin hazo ta rage haske har hoton ya yi toka, don haka ka ƙara mata kaɗan da hannunka.

Kowane lokaci na shekara da abin da yake bayarwa. Bayan ruwan farko iska takan wanke, nesa ta fito tar, kuma daga Yuli zuwa Satumba gajimare yakan yi tsiri kamar duwatsu, sai dai idan hadari ya matso da walƙiya ka sauka daga tudu ka nisanci itaciyar da ke tsaye ita kaɗai, babu hoton da ya kai rai. Da kaka ga dammuna da karan dawa. Ka kuma lura da gawo, wanda yake zubar da ganye da damina ya yi kore shar da rani lokacin da komai ya bushe; gawo ɗaya a tsakiyar gona, a ɗauke shi a Agusta a sake ɗaukarsa a Fabrairu daga wuri guda, hotuna biyu ne da za su tsayar da duk wanda ya gan su.

Maganar ƙura kuwa na sha ɗacinta. Na taɓa cire idon kyamara a fili da hunturu don in sa wani, iska tana kaɗawa, kuma duk hotunan da na ɗauka a wannan tafiya sun fito da ɗige-ɗige a sama, domin ƙura ta sauka a kan farantin da yake kama haske. Tun daga ranar ba na canza ido sai a cikin ɗaki ko mota, bakin kyamara yana kallon ƙasa. Ka riƙa ajiye ta cikin leda mai zif a cikin jaka, kada ka goge gilashi da bakin riga, domin ƙurar yashi ce tana karce shi. Ka fara hure ta da 'yar robar hura iska, sannan ka shafa da tsumman goge tabarau. Masu waya ma su riƙa goge idon kafin ɗauka, rabin hazon da nake gani a hotunan da ake aiko mini maiƙon yatsa ne.

TAMBAYA: Na je ɗaukar hoto kusa da madatsar ruwa ta Tiga wani ya hana ni, wani dattijo kuma ya ce hoto haramun ne. Mene ne gaskiyar lamarin?

AMSA: Ɗana, fatawa ta malamai ce, su za ka tambaya game da hoton mutane da dabbobi, inda aka san akwai saɓani. Amma game da itatuwa da duwatsu da ruwa, ya tabbata cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya shawarci wani mai sana'ar zane da cewa idan ba makawa sai ya yi, to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Ka gaya wa dattijon haka cikin ladabi, idan bai gamsu ba ka ba shi girmansa ka matsa gaba.

Wanda ya hana ka kuwa, mai yiwuwa yana da hujja. Tiga, wadda aka kammala a 1974, ita take shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura, kuma wuri irin wannan yana da masu tsaro, haka gadoji da shingayen jami'an tsaro. Ka nemi izini kafin ka fito da kyamara. Idan ka shiga ƙauyen da ba naka ba, ka fara da gaida mai unguwa ko dagaci ka faɗi abin da ya kawo ka, domin a wannan zamani baƙon da yake ɗaukar hoton gonar mutane ana iya zaton mai auna fili ne ko ɗan leƙen asiri. Kada ka juya kyamara wajen mata a rafi ko a rijiya, ko cikin gidan da danga ta gaza rufewa. Wurare irin dajin Falgore kuma kada ka shiga kai kaɗai, ka tambayi mutanen yankin halin da ake ciki, ka tafi da wanda ya san hanya.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce daga Ringim. Shin gyara hoto a waya ha'inci ne? Kuma me ya sa hotunana suke lalacewa idan na tura wa ƙawayena?

AMSA: 'Yata, wayar da kanta tana gyara kowane hoto kafin ta nuna miki shi, saboda haka ƙarasa gyaran da hannunki ba laifi ba ne. Manhajar Snapseed kyauta ce, kuma abu huɗu sun ishe ki a cikinta: miƙe hoton da ya karkace, yanke gefen da ba shi da amfani, rage wurin da ya yi haske da yawa, da ɗaga inuwa kaɗan. Inda nake jan kunne shi ne ƙara launi har ganyen gero ya koma kamar fenti, ko ɗauko sama ta wata ƙasa a liƙa a kan gonar Ringim. Wanda ya san wurin zai gane, kuma hoton ya daina zama shaida. Ina faɗin haka ne saboda waɗannan hotuna suna da wani amfani bayan ƙawa: wanda ya ɗauki bakin kogin garinku kafin ambaliyar 2022 da bayanta, yana riƙe da abin da zai nuna inda ruwa ya kai da abin da ya tafi da shi, haka wanda ya ɗauki gonar da yau ta zama filoti.

Lalacewar kuwa daga WhatsApp take, domin yana matse hoto don ya rage cin data. Ki tura shi a matsayin fayil ta alamar maƙala takarda, zai isa yadda yake. Ki riƙa ajiye na asali a wuri biyu, a waya da kuma memori ko intanet, domin waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta. Hoton waya mai megafiksel 12, idan ba a matse shi ba, ana iya wanke shi a takarda mai inci 13 da inci 10 ya fito garau, kuma ina ba ki shawara ki wanke ko guda ɗaya ne ki rataye, za ki ga kurakurai da kyawun da ƙaramin allo yake ɓoyewa.

Duk mai son a duba hotonsa a fitowa ta gaba, ya aiko da guda uku kacal na wuri ɗaya, ya rubuta sunan wurin, da kwanan wata, da ƙarfe nawa ya ɗauka, da kuma ɓangaren da rana take lokacin da ya danna.